SYS 49152 na goge min allo a Commodore 64

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon BASIC na Commodore 64 a manhajar VICE, mai kwaikwayon na'urar a kan kwamfutar zamani. Na zuba 238, 32, 208 da POKE daga adireshi 49152 don launin gefen allo ya sauya. Da na buga SYS 49152 sai allo ya goge, READY ta fito, wani lokacin ma na'urar ta sandare. Ina kuskuren yake? Kuma yaya zan miƙa lamba daga BASIC zuwa ga irin wannan umarnin da SYS ke kira?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lamba ɗaya ka bari: 96. Ukun nan naka umarni ne ga 6510, wato ƙwaƙwalwar (CPU) na'urar, ya ƙara ɗaya a kan abin da ke 53280, mazaunin launin gefe. Amma ba ka ce masa ya dawo ba, kuma 96 ita ce RTS, mai mayar da shi BASIC. In babu ita, sai ya zarce yana karanta duk tarkacen da ya tarar a matsayin umarni. In ya ci karo da sifili, wato BRK, allo ya goge. In wani abu ne, ya iya maƙalewa. Rubuta haka:

10 FOR I=0 TO 3:READ A:POKE 49152+I,A:NEXT
20 DATA 238,32,208,96
30 SYS 49152

Ka lura 3 ce a layi na 10, ba 2 ba.

Amsa ta 2: Wurin da ka zaɓa ya yi, domin BASIC ba ta taɓa 49152 zuwa 53247. Batun miƙa lamba kuwa, kafin SYS ta tafi tana ɗaukar abin da ke 780 ta sa a A, 781 a X, 782 a Y, wato ƙananan ma'ajiyoyi uku (rijista) da ke cikin 6510. Gwada POKE 780,65:SYS 65490, harafin A zai fito a allo, domin 65 ita ce lambar harafin, a 65490 kuma akwai umarnin rubuta harafin da lambarsa ke rijistar A. In ta dawo, sakamakon na nan a wuraren, PEEK kawai za ka yi.

Amsa ta 3: Malam, akwai USR ma, wata hanyar kiran umarnin daga BASIC tare da miƙa masa lamba, sai dai tana da wuyar sha'ani. Sai ka fara nuna mata hanya: POKE 785,0:POKE 786,192, ƙaramin rabin adireshin ne ke zuwa da farko, 192 sau 256 kuma shi ne 49152. In ka manta, ILLEGAL QUANTITY ERROR za ka gani. Lambar da ka ba ta kuma ba ta shiga A, tana sauka ne daga 97 zuwa 102 a sigar lamba mai ɗigo, sai ka juya ta da kanka. Ka zauna a kan SYS tukuna, kuma ka yi SAVE kafin kowace RUN.