Wane irin littafi ne ke hana ku barci?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salam yan uwa, don Allah ina masu karatun littafan aljanu da na binciken kisan kai? Ni dai na bincike ke tafiya da ni, jiya NEPA sun ɗauke wuta na kunna tocilan waya ina ta karatu har aka kira assalatu, amma abin da ke ɓata min rai shi ne a ƙarshe a ce wani ne ya yi kisan wanda ko sau ɗaya ba a ambace shi ba. Ku fa?

Maman Hanifa:
Wallahi malam ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni na aljanu nake so amma ba wanda jarumi zai shiga uku sai kawai zobe ya fid da shi ba, sihiri ma ai ya kamata ya zama da iyaka. Ga labarin Bayajida da macijin Kusugu nan Daura, takobi kawai ya riƙe kuma har yau ana ba da labarin.

Injiniya:
Ni na sararin samaniya. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yanzu sai ka zaga shagunan littafai ba ka samu irinsa da Hausa ba, abin na damuna sosai.

Ɗan Ƙofar Soro:
Injiniya in kana da kwafi ka ara min don Allah, ko hotonsa ne ta WhatsApp.