Motar da nake son saya ta karkace gefe ɗaya: sifirin ne ko shasi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, masana harkar mota ku taimaka min da shawara.

Na samu Toyota Land Cruiser ta hannu, samfurin 80 da aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, wadda ƙafafunta huɗu duk sifirin mai naɗi ne, ba mai falle-falle ba. Shi ya sa ma na nace mata, don a hanya mai gargada ta fi taushi nesa ba kusa ba. Inji lafiya lau, giya ma haka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, in an ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, bayanta na hagu ya fi na dama sauka. Na auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, bambancin ya kai yatsu biyu. Na leƙa ƙasa da tocila, sifirin bai karye ba, sai dai tsatsa ta ci mazauninsa na sama, har tana ɓarɓashi in an ƙwanƙwasa. Sannan in gudu ya kai wajen kilomita 80, sitiyari sai ya kama rawa.

Mai motar ya ce sifirin ne kawai ya gaji. Wataƙila, amma ai mai sayarwa ba ya kushe hajarsa. Tsorona kada a ce shasin, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, shi ne ya lanƙwashe.

Ta yaya bakanike zai bambance waɗannan biyun kafin in biya? Kuma rawar sitiyarin, daga bushin (robobin mahaɗan ƙafar mota) take ko duk matsala ɗaya ce?