Tsoron rasa mahaifiyata ya hana ni barci, an ce in riƙa ƙiyasta mafi muni

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Hajiyarmu tana fama da ciwon ƙoda, har an fara yi mata wanki, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Waya ta yi ƙara da dare, gabana sai ya yanke ya faɗi. Wani abokin aikina ya ce akwai masana falsafa na Girka da Rum, 'yan Sitoyik, da suke zama da gangan su ƙiyasta mafi munin abin da zai same su, har mutuwar wanda suke so, wai hakan na karya tsoro. Na gwada, sai na ji kamar mugun fata nake yi wa uwata. In ci gaba ko in bari?

Wani malamin tarihi: Allah Ya ba Hajiya lafiya, ƙanena. Abokinka gaskiya ya faɗa, amma rabin zancen ya ba ka. Zeno ne ya kafa wannan makaranta a Atina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda ya fi yin bayanin abin da kake tambaya shi ne Seneca, mutumin da ya ga jiya ya ga yau: Sarki Claudius ya kore shi zuwa tsibirin Kosika a shekara ta 41 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), sannan Sarki Nero, wanda Senecan ne ya koyar da shi, ya umarce shi ya kashe kansa a shekara ta 65. A wasiƙunsa ga abokinsa Lucilius ya ce masa ya ware 'yan kwanaki yana cin abinci mafi araha, yana sa tufafi masu kaushi, sannan ya tambayi kansa ko wannan ne abin da yake tsoro. Ka ga ba kwanciya ake yi ana saƙa da warwara ba. Bin tunanin ake yi har inda ya tuke, a ga me za a yi idan ya auku. Epictetus, wani ɗan Sitoyik wanda a bauta ya tashi, ya ma ce in kana sumbatar ɗanka ka tuna mai mutuwa kake sumbata. Amma shi ne kuma ya ce a raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Ajalin Hajiya ba ya hannunka. Kuɗin wanki da wanda zai kwana da ita suna hannunka.

Wata uwa: Haba Malam! In rungumi ɗana ina tuna zai mutu? Ni dai ban yarda ba, fata nagari lamiri ne. Ɗana, je ka zauna kusa da mahaifiyarka, ka matsa mata ƙafa, ka nemi albarkarta. Su can ba su san addu'a irin tamu ba.

Wani ɗalibin ilimi: Anti, ai tuna mutuwa ba baƙonmu ba ne. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce a yawaita ambaton mai yanke jin daɗi, wato mutuwa. Sai dai an kuma umarce mu da kyautata wa Allah zato. Sanin cewa Hajiya za ta koma wata rana ba fata ba ne. Wa ya sani ma ko kai za ka riga ta?

Wata ma'aikaciyar jinya: Yayana, abin da kake yi da dare ba shi ne nasu ba, wasiwasi ne. Albert Ellis da Aaron Beck, da suka kafa maganin damuwa ta hanyar gyaran tunani a Amurka a shekarun 1950 da na 1960, sun amfana da Epictetus, amma mai damuwa ba a barinsa ya yi ta hasashe babu iyaka. In za ka yi, yi da rana, na ɗan lokaci, da biro da takarda: in jikin ya rikice cikin dare wace mota ce, wa za a kira, wa zai ba da jini, ina kuɗi. Ka gama ka rufe. Kuma ka tambayi likitanta gaskiyar matakin da ciwon ya kai, don akwai masu shekaru ana yi musu wanki suna harkokinsu. In rashin barcin ya ci gaba, kai ma ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan tara ƙannena ranar Juma'a mu raba kwana da kuɗi, mu rubuta komai.

Wata uwa: To, Allah Ya yi albarka. Amma takardar nan kar ku kuskura Hajiya ta gani, cewa za ta yi kun fara rabon gado.