Ya haddace haruffa amma ya kasa haɗa baƙi: me kuka yi a gida?

Maman ɗan shekara shida:
Assalamu alaikum iyaye. Yarona in aka ce ya rero haruffa, zai kwashe su tas daga A har Z babu tuntuɓe. Jiya na rubuta masa "gida" a takarda, ya zuba wa kalmar ido, ya ɗago ya dube ni, sai hawaye. Jikina ya yi sanyi, don duk tsawon lokacin nan na ɗauka karatu yake yi, ashe waƙa ce ya riƙe. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini abin da ya yi da hannunsa.

Malamar aji ɗaya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, kowace shekara sai na karɓi irinsa da yawa. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Ke kin lura tun yana shida, kin yi sammako.

Sunan harafi daban, sautinsa daban, kuma da sauti ake karatu. Ni da 'yata ban fara da takarda ba ma. Muna zaune sai in ce ta tafa mini "gida", ta yi tafi biyu, gi-da. "Makaranta" tafi huɗu. Da kunnenta ya buɗe sai na koma tambayarta wane abu ne a ɗakin nan ya fara da "mmm". Bayan nan ne na kawo wasula biyar ɗin, a, e, i, o, u, na ɗauki baƙi ɗaya na aura musu: ba, be, bi, bo, bu. Da b, k da m kaɗai za ki samu baba, mama, kaka, baki, kuma. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta nan, yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Minti goma ya isa, ki tashi tun bai gaji ba.

Baban tagwaye:
Malama ta gama magana. Ni marafan kwalba na tara, na manna wa kowanne gaɓa ɗaya. Sai in zube su a tabarma in ce wa zai haɗa mini "kaka". Ɗayan cikin mako biyu ya kama, ɗayan kuwa ya fi wata biyu. Kuskuren da na yi, kuma har yau yana damuna, shi ne cewa da na riƙa yi "dubi ɗan'uwanka". Yaro ya koma in ya ga na ɗauko jakar marafan sai ya ce cikinsa na ciwo. Da na raba musu lokaci, kowa da nasa zaman, sannan ya saki jiki.

Abin da ya taimake shi sosai yashi ne a faranti. Yana zana harafin da yatsa yana faɗin sautin, in ya karkace ya girgiza farantin ya sake, ba gogewa, ba tsoron ɓata littafi.

Malamar aji ɗaya:
Baban tagwaye, wannan tsohuwar dabara ce mai kyau. Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, haruffa take yankawa daga takarda mai kaushi irin ta goge katako, yara suna bi da yatsa kafin su riƙe fensir. Hannu yana tuna abin da ido ya manta.

Uwar 'yan mata uku:
Ni tawa karatun ya zo, rubutun ne ta ƙi. In na ce ta cika shafi da "ba ba ba" sai rigima. Wata rana na rubuta 'yar takarda na sa mata a ƙarƙashin matashi: "Ina son ki. Me kika yi mafarki?" Da safe na tarar da amsa a cikin takalmina, harafi wani ya hau wani ya sauka: "Mama kizo kiga kafata". Na san ƙafa take nufi, ta bar ƙugiyar ƙ, ta kuma haɗe "ki zo" wuri guda. Ban ɗauki jan biro ba. A amsata na rubuta "Zan zo in ga ƙafarki", na ɗan kambama ƙugiyar. Bayan kwana uku ita da kanta ta tambaye ni me ya sa wannan k ɗin yake da lanƙwasa. A nan na nuna mata baki da baƙi, kafa da ƙafa, ta yi ta dariya wai ɗan ƙugiya ya canza magana. Yanzu takardun sun cika gwangwani guda. Yaro in ya san akwai mai jiran saƙonsa, zai rubuta.

Kakar yara:
'Ya'yana, ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina da kunne. Jikata tana zama kusa da ni ta karanta mini, ni kuwa in ta tambaya: to, daga nan sai me? Me ya sa ya gudu? In ta kasa ba ni amsa, na san baki ne kawai ya karanta, sai mu koma baya. Ƙaninta da bai fara ba, shi ke ba da labari, yayarsa tana rubutawa, a karanta masa abinsa. Ku ga yadda yake bin layin da yatsa yana neman inda sunansa yake.

Wani uba:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya. Nawa yana juya b da d, aka ce mini wannan ba abin damuwa ba ne kafin shekara bakwai, kuma gaskiya ne ga yawancin yara. Amma na lura yana manna littafi a fuska, yana tsuke ido, yana tsallake layi. Da aka auna idonsa, tabarau yake buƙata. Wata shida ina yi masa faɗa kan abin da ba ya gani. In an yi ta ƙoƙari abu ya ƙi, a duba ido da kunne, kuma in ya wuce bakwai zuwa takwas yana fama, a nemi masani kan matsalar karatu, kada a ce taurin kai ne.

Maman ɗan shekara shida:
Na dawo, yau kwana goma sha biyu. Tafi muka fara yi kamar yadda Malama ta ce, sannan marafan kwalba. Daren jiya ya jera "ka" da "ka", ya yi shiru yana motsa leɓe, can sai ya ɗaga murya: "Kaka!" Ya kwashi marafan a hannu ya ruga ya nuna wa babansa. "Gida" har yanzu sai na riƙe masa gaɓar farko. Malama, sh da ts fa, in bari sai ya gama da baƙaƙe masu harafi ɗaya, ko in fara sako su yanzu?