Shin dokar kama yara ta ɗaure wa 'yan sanda hannu?

Alhaji Sani: Assalamu alaikum. Zan faɗi maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi a cikin kaki kafin na ajiye aiki. Ƙa'idar nan da ta ce kada ɗan sanda ya yi wa yaron da bai kai sha takwas ba tambayoyi sai ubansa ko lauya na zaune, hannu kawai ta ɗaure mana. Ka kama yaro da tsakar dare, wuƙa a ƙugu, wayoyi uku a aljihu. A wannan sa'ar zai iya gaya maka wanda ya aiko shi da inda ake kai kayan. Ka tsaya neman uban da ba ka san gidansa ba, kafin gari ya waye mai karɓar kaya ya tattara ya gudu. Manyan ɓarayi sun san haka sarai, shi ya sa suke tura yara gaba.

Maman Khalifa: Wallahi Baba ka faɗi abin da ke raina. Ɗana an yanke shi a hannu saboda waya, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Wanda ya yi masa ɗan shekara sha shida ne. Kwana biyu aka damƙa shi ga iyayensa, na gan shi da idona yana yawo. Nawa ɗan ba yaro ba ne?

Barista Hauwa: Allah ya ba shi lafiya, Maman Khalifa, zan dawo kan maganarki. Alhaji, da girmamawa, ba tausayi ne ya haifi wannan ƙa'ida ba, kuskure ne ya haife ta. A 1972 an tsinci gawar wani mutum mai suna Maxwell Confait a wani gida da ya kama da wuta a kudancin Landan. 'Yan sanda suka kama samari uku, ɗan sha huɗu, ɗan sha biyar, da ɗan sha takwas wanda hankalinsa bai wuce na ƙaramin yaro ba. Aka yi musu tambayoyi ba babba ko ɗaya a tare da su, suka amsa laifi, kotu ta yanke musu hukunci. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Abin da ya biyo bayan wannan shari'ar yana cikin abubuwan da suka kai Ingila ga dokar 1984, wadda a ƙarƙashinta aka wajabta zaman babba tare da yaro lokacin tambayoyi. Ka duba asarar da aka yi. Yara sun sha ɗauri a banza, kuma tun ranar da suka sa hannu bincike ya tsaya, domin wa zai ci gaba da neman mai laifi alhali ana ganin yana hannu? Sitatimen ɗin da ka karɓa daga yaro shi kaɗai da dare bai da tabbas, kai ma da ka karɓa ba ka da yadda za ka tantance gaskiyarsa.

Alhaji Sani: Barista, ni ban taɓa ɗaga hannu na doki yaro ba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Auwal: Baba, ni ma ba a doke ni ba. Ina da shekara sha biyar aka yi kame bayan an fasa wani shago, aka haɗa da ni ina dawowa daga aike. A sel ɗaya aka zuba mu da manya, wasu sun haifi kamata. Wajen ƙarfe biyun dare wani jami'i ya fito da ni, ya ba ni ruwa, ya yi mini magana mai laushi. Ya ce sauran sun riga sun ambaci sunana, in na sa hannu da safe zan tafi gida, in na ƙi gidan yari za a kai ni. Ni a lokacin abu ɗaya ne a kaina, kada mahaifiyata ta kwana tana nemana. Na sa hannu a takardar da ban karanta ba. Sai a kwana na biyu mahaifina ya san inda nake. Da ba don mai shagon ya zo ya ce bai san fuskata ba, Allah kaɗai ya san inda takardar nan za ta kai ni.

Malam Garba: Labarin Auwal shi ne zuciyar maganar. Mu da muke koyar da 'yan wannan shekarun mun san su: yaro yana auna daren yau ne, ba ya auna shekara goma masu zuwa. Ka yi masa alkawarin gida, zai amsa ko me ka ce. Amma ina da ja da Barista a wuri ɗaya. Zaman uba shi kaɗai ba ya wadatarwa. A 1989 an yi wa wata mata mummunan fyaɗe da duka a babban lambun Central Park na birnin Niyok. Aka kama yara biyar masu shekara sha huɗu zuwa sha shida. Huɗu daga cikinsu aka ɗauke su a bidiyo suna amsa laifi, wasunsu ma iyayensu na zaune a gefe. Sai dai kafin a kunna kyamara an shafe sa'o'i ana matsa musu, kuma wannan ɓangaren ba a ɗauka ba. A 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar, aka wanke su. Babbansu ya yi kusan shekara sha uku a tsare. A 2014 birnin ya amince ya biya su diyyar dala miliyan 41. Uba da ya shigo caji ofis a ruɗe, kunya ta rufe shi, sau da yawa shi ne zai fara cewa, "Kai, faɗa musu abin da suke so mu tafi."

Alhaji Sani: To ka gani, Malam. Ka ba ni hujja da bakinka. In uban ma bai hana ba, jiran na mene ne?

Malam Garba: A'a Alhaji, ƙari nake nema, ba ragi ba. Lauya tun kafin tambaya ta farko, da ɗaukar murya ko bidiyo tun daga minti na farko. Wannan ma kariya ce ga jami'i irinka, ranar da yaro zai tsaya gaban alƙali ya ce tilasta masa aka yi.

Barista Hauwa: Na karɓi gyaran Malam. Alhaji, damuwarka ta mai karɓar kaya da zai gudu kafin safiya, masu rubuta dokar Ingila ba su manta da ita ba. Idan jinkiri zai jawo a cutar da wani, ko a ɓatar da shaida, ko a ankarar da sauran waɗanda ake nema, babban jami'i mai muƙamin sufuritanda ko sama yana iya ba da izinin tambayar gaggawa ba tare da babba ba, a rubuta dalili, a tsaya da zarar haɗarin ya wuce. Kuma babban ba lallai uba ba ne. In ba a samu iyaye ba, ma'aikacin jin daɗin jama'a ko wani baligi mai hankali wanda ba ɗan sanda ba zai iya zama. Abin da aka hana shi ne ka mai da gaggawa al'ada.

Sauran ƙa'idojin ma ba masu yawa ba ne. Dokokin Beijin na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1985 sun ce a sanar da iyaye nan take da an kama yaro. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda duk ƙasashen Majalisar suka tabbatar da ita in ban da Amurka, ta ce a sashe na 37 tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci, kuma a raba shi da manya. Sashe na 40 ya hana tilasta masa amsa laifi. A daren Auwal an karya kusan dukkansu.

Alhaji Sani: To ga wata. Ƙato da gemu ya ce maka shi ɗan sha shida ne, babu takardar haihuwa. Sai in yarda?

Barista Hauwa: Ka nemi takardar makaranta, katin asibiti, ka tambayi iyaye da malamai. In har yanzu da shakku, kwamitin haƙƙin yara na Majalisar ya ce a bayaninsa na 2019 a ɗauke shi a matsayin yaro. Na san wani zai ci banza ta nan. Amma in ka yi kuskure ka ɗauki babba a matsayin yaro, kotu za ta gyara da zarar shekarunsa sun bayyana. In ka kwana da yaro cikin manya, abin da ya same shi a daren babu kotun da za ta goge.

Maman Khalifa: Duk kun yi ta maganar wanda aka kama. Ai ko Indiya sai da suka farka. Bayan fyaɗen da wasu maza suka yi wa wata ɗaliba a motar bas a Delhi a 2012 har ta rasu, ɗaya daga cikin masu laifin ɗan sha bakwai ne, shekara uku kacal ya yi a gidan gyaran hali. Mutane suka fusata, aka canza doka a 2015, yanzu ana iya yi wa ɗan sha shida shari'ar manya in laifin ya munana.

Barista Hauwa: Gaskiya ne Yaya, bayan hukumar shari'ar yara ta tantance hankalinsa. Amma ki lura, ita wannan dokar ta 2015 ɗin ce ta ce a gabatar da yaro gaban hukumar cikin sa'a 24, kuma ko ta halin ƙaƙa kada a saka shi a sel ɗin 'yan sanda ko gidan yari. Sun tsananta hukunci, ba su sassauta yadda ake kamu ba. Abubuwa biyu ne daban. Ni ma ina ganin an zalunce ku, amma ba belin yaron ba ne zaluncin. Zaluncin shi ne babu wanda ya kira ki ya ce ga inda shari'a ta kwana, ga ranar zama, ga wanda zai biya kuɗin magani. A ƙasar Niyu Zilan tun 1989 ake zaman da ke haɗa yaron da danginsa da ɗan sanda da wanda aka cuta, a tsara yadda zai biya abin da ya ɓata, kuma wanda aka cuta yana da bakin magana a ciki.

Maman Khalifa: Ni dai ba zan iya zama ɗaki ɗaya da yaron nan ba tukuna. Amma da an kira ni ko sau ɗaya, da zafin bai kai haka ba.

Auwal: Baba, don Allah ka yi haƙuri da tambayata. A shekarunka na aiki, ka taɓa karɓar sa hannun yaro da dare shi kaɗai?

Alhaji Sani: Na karɓa, ɗana, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yawancinsu har gobe ina da yaƙinin su suka yi, don an samu kayan inda suka ce. Amma akwai wasu da babu komai a kansu sai takardar, kuma ban taɓa komawa na bi sawunsu ba. Raba yara da manya a sel, wannan ba ni da ja, tun ina aiki yake damuna. Kyamara ma na yarda. Inda ban sauka ba shi ne lauya kafin tambayar farko. Barista, a ofishin da jami'i biyu ne kacal ke kwana, ba lauyan da ke ɗaga waya bayan ƙarfe goma, ba ɗakin ajiye yara na daban, wa zan kira, kuma ina zan zaunar da yaron har safiya?

Barista Hauwa: A ofishinka, kan kujera, ƙofa a buɗe, ka rubuta lokacin da ya shigo da duk wanda ka nema a waya. Sunansa da gidansu kawai za ka tambaya. Sauran tambayoyin su jira safiya.

Alhaji Sani: Kujerar zan iya. Mai karɓar kayan ne har yanzu ban ga yadda zan kama shi ba.