Maharban daji ne suka kori Ingila daga Amurka?

Auwalu: Jama'a, ina nan kan bakana. Abin da ya ba Amurkawa nasara a yaƙin neman 'yanci, daga 1775 zuwa 1783, maharban daji ne da dogayen bindigoginsu na Fensilbaniya. Sojan Ingila ya jeru a fili cikin jar riga, su kuwa suna bayan bishiya suna tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Habu: Auwalu, wannan ai labarin fim ne. Galibin sojojin George Washington, babban kwamandan Amurkawa, bindigar maskit suke riƙe da ita, mai sumul ɗin ciki, 'yar'uwar bindigar tokar maharbanmu, dutsen ƙanƙara ne ke tada mata wuta. Da farko sun yi amfani da Brown Bess ta Ingila da duk abin da hannu ya samu. Daga 1777 Faransa ta riƙa turo musu Charleville dubbai. Ko bindigar da aka fara ƙerawa a maƙerar makaman Amurka ta Springfield, ƙirar 1795, kwaikwayon Charleville ce.

Auwalu: Haba Malam! Bindigar da da ƙyar take samun mutum a yadi 100? Ta maharba tana kaiwa 200 har ta wuce, saboda zanen da ke cikin bututunta yana murza dalmar.

Malam Habu: Ban musa ba. Amma ka duba ɗuri. Mai maskit zai zaro ƙunshin takarda mai albarushi da dalma daga jakarsa, ya yage da haƙori, ya zuba kaɗan a kasko, ya tura saura cikin bututu, ya danna da sanda. Wanda ya ƙware yakan harba sau uku a minti. Maharbi kuwa sai ya auna albarushi daga ƙaho, ya naɗe dalma a ƙyalle mai maiƙo, ya cusa da ƙarfi. Minti guda na iya tafiya. Ga hayaƙi, bayan an yi harbi biyu ko uku ba ka ganin wanda za ka saita ma.

Hajiya Rabi: Ku ƙara da wuƙa. Doguwar bindigar maharba ba ta da wurin ɗaura wuƙar baki. In sojan Ingila suka rugo da wuƙaƙe kafin ya gama ɗuri, sai gudu. A Bunker Hill a 1775 Amurkawa sun kore su sau biyu, karo na uku albarushi ya ƙare, wuƙaƙe kuma ƙalilan gare su, dole suka bar tudun. Shi ya sa von Steuben, Bajamushen da ya horar da sojan Amurka, ya dage kan koya musu yaƙi da wuƙar baki a sansanin Valley Forge a 1778. A Yulin 1779 mutanen Janar Anthony Wayne na Amurka suka ci sansanin Ingila na Stony Point da dare, yawancinsu ba su ma ɗura bindiga ba.

Ɗanlami: Kun yi wa Auwalu taron dangi. To yaƙin Saratoga fa, inda rundunar Ingila ta miƙa wuya? Maharban Daniel Morgan ne suka harbe Janar Simon Fraser na Ingila a can a 1777. Sannan Kings Mountain a Oktoban 1780, maharban tsauni suka kewaye rundunar Patrick Ferguson, hafsan Ingila, suka kashe shi, duk ruguwar da mutanensa suka yi da wuƙaƙe ba ta hana ba.

Auwalu: Allah ya saka, Yaya Ɗanlami.

Malam Habu: Kings Mountain na ba ku, daji ne da tudu, filin maharbi ke nan. Sai dai waɗanda aka ci a can Amurkawa ne masu goyon bayan sarkin Ingila. A Saratoga kuma an haɗa wa Morgan sojojin Henry Dearborn masu maskit da wuƙa don su tsare mutanensa yayin ɗuri. Shi kansa Morgan a Cowpens a 1781 cewa ya yi 'yan sa-kai su harba sau biyu su ja da baya, ya bar wa sojan dindindin sauran aikin.

Hajiya Rabi: Ni duk kun manta babban abu. A Agustan 1775 Washington ya gano albarushin da ke ma'aji bai wuce harbi tara ga kowane soja ba. Mafi yawan wanda suka yi yaƙin da shi daga waje ya shigo, daga Faransa da ta hannun 'yan kasuwar Holan. A Valley Forge wasu ko takalmi babu, tsumma suke naɗawa a ƙafa cikin ƙanƙara. Yorktown kuwa, babban yaƙi na ƙarshe, igwa da jiragen ruwan Faransa suka gama ta.

Auwalu: To Hajiya, ba don Saratoga ba, da Faransa ta ƙulla ƙawance da su a 1778? Wa ya karya lagon Burgoyne, kwamandan Ingila, a can?

Malam Habu: Yunwa da yawan sojan Gates, kwamandan Amurkawa a can, ƙanena. Maharbanka ɗari biyar ne kawai a cikinsu.

Auwalu: Ɗari biyar ɗin dai su aka aika wa Fraser.