Furofozal ɗina (tsarin binciken da nake son yi) na PhD a Sociology ya maƙale, ina neman shawara

Salam jama'a. Ina da masters a Sociology, wato ilimin nazarin zamantakewar al'umma, yanzu ina neman PhD a Ingila, kuma can yawanci sai ka samu malamin da ya yarda zai duba aikinka kafin ka cike fom. Batuna shi ne yadda matan da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu suke samun abin yi a Maiduguri bayan an rufe sansanonin 'yan gudun hijira na gwamnati, kamar adashi, ɗinkin hula, sayar da ƙosai da sauransu.

Na tura wa malamai da dama imel, shiru kake ji, sai wata farfesa ɗaya ce ta amsa, ta ce abin da na rubuta bayani ne kawai irin rahoton ƙungiyar agaji, babu tambayar bincike a ciki. Na koma na sa ra'ayin masanin Sociology Bourdieu kan jarin zamantakewa (amfanin da mutum ke samu daga alaƙarsa da mutane), na ƙara wani masanin, Granovetter, da maganar raunanan alaƙoƙi (mutanen da ka sani sama-sama), ta sake cewa manna su kawai na yi a sama, ba su taɓa hanyar tattara bayanan ba ko kaɗan. Wallahi kaina ya ɗaure kuma lokacin neman sikolashif na ƙurewa.

Don Allah waɗanda suka wuce wannan matakin, ta yaya kuka mayar da batu irin wannan ya zama tambaya guda ɗaya da sufabaiza zai karɓa?